Kafin Malama Ta Furta

Lahadi, 19 ga Maris

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Na san an gaya maka a waya, amma tun da kunnenka ya riga ka yin ritaya, ban tabbata abin da ya isa gare ka ba. Ga shi a rubuce.

Ranar Talata, 14 ga Maris, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi ran ɗanka Dogo, yana da shekara talatin da ɗaya. Ya baro sansanin da suke aikin awon hanya tun da asuba a motar ofis, yana nufin asibiti. A gangaren gadar da ke shiga gari tayar wata tirela ta fashe, tirelar ta tsallako hannunsa ta daki motar. Likitan da ya duba shi ya ce nan take ne. Na tambaye shi sau biyu ta fuskoki daban, amsarsa ba ta canza ba, don haka na karɓa. An yi masa sutura bayan la'asar.

A daidai lokacin da wannan ya faru, mahaifiyarsa Malama tana kwance a ɗakin tiyata, ƙirjinta a buɗe, ana gyara mata wata ƙofar zuciya da ta daina rufuwa. Aikin ya yi kyau. Ta farka washegari da hantsi, kuma kalmar farko da ta fito daga bakinta sunan yaron ce, domin ya yi mata alkawari cewa shi za ta fara gani idan ta buɗe ido.

Kafin ta farka, likitan zuciyar ya ja ni gefe. Yaro ne mai natsuwa, sa'an Dogo ko ya ɗan girme shi. Ya ce bugun zuciyarta bai daidaita ba tukuna, mummunan labari zai iya kwance abin da suka ɗinke, kuma yana roƙo a ɓoye mata har sai sun yi gwaji na biyu bayan 'yan makonni. Na tambaye shi ko wannan umarni ne ko shawara. Ya ce roƙo ne. Na amince.

Ka san ni, Yaya. Shekara talatin ina zaune a kan kujerar shari'a ina sauraron masu ƙarya, na kuma san abin da yake kayar da su. Ba rashin kunya ba ne, kwaɗayin ƙawata magana ne. Mai gaskiya yakan ce ya manta. Maƙaryaci ba ya manta komai, har launin takalmin wanda ya wuce yakan tuna. Saboda haka a daren na tara mutanen gida a falo, da 'yarka Gimbiya, da ƙanwar Malama wadda yara suke kira Anti Rediyo, da direba, na ba su labari guda: an tura Dogo aikin gaggawa can cikin daji inda babu sabis. Iyakarsa ke nan. Wanda aka tambaye shi ƙari, ya ce bai sani ba. Na sa kowa ya maimaita, na yi musu tambayoyin ƙure ɗaya bayan ɗaya, har Gimbiya ta ce da ni, cikin kuka, Baba ai ba a kotu muke ba. Na ce mata kotu ta fi sauƙi, domin a can alƙali bai haifi wanda ake magana a kansa ba. Wayar Malama tana aljihuna, cike da saƙonnin ta'aziyya. An gaya mata likita ne ya hana.

Gidan kuwa cike yake da masu gaisuwa, Allah ya saka musu. Na zauna a tsakiyarsu ina nazarin mutane, tun da ba ni da wani abin yi da idanuna. Akwai wanda yake zuwa ya ce wallahi ko makon jiya ya ga Dogo a bakin banki, yana faɗa da ƙarfi kamar wannan hujja ce da za a ɗaukaka ƙara da ita. Akwai wanda yake fara ta'aziyya da rashinka ya ƙare da nasa, har sai kai ka koma ba shi haƙuri. Akwai kuma tsofaffin lauyoyi biyu da suka zauna daf da ni suna leƙen fuskata, ina jin sun zo ne su ga yadda alƙali yake kuka. Waɗanda suka fi wahalar da ni su ne masu yabon haƙurina a gabana. Wanda aka yaba wa haƙuri an ɗaure shi ke nan, ba shi da damar ya sauke.

Kullum da yamma nakan tashi daga cikinsu in tafi asibiti. A mota nake canza riga, saboda ƙamshin turaren masu gaisuwa yana kama tufafi, hancin Malama kuwa ba a yi masa tiyata ba. A madubin lif ɗin hawa benen asibitin nake gyara fuska. Ya zuwa yanzu ba ta zargi komai ba.

Ka taya mu da addu'a. Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Alƙali


Litinin, 27 ga Maris

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri, yaya jiki, yaya yara da jikoki? Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na gode. Ka ce in bi maganar likita in daure, kuma hakan nake yi.

Malama tana samun sauƙi. An fito da ita daga ɗakin kulawa ta musamman zuwa ɗaki mai gado biyu, tana zama, tana shan shayi da kanta, har ta fara gyara wa nas yadda ake ninke zanen gado. Wanda ya yi shugabancin makaranta shekara ashirin ba ya rasa ɗalibi ko a asibiti. Sai dai har yanzu akwai waya manne a ƙirjinta, da na'ura a bango mai zana bugun zuciyarta da koren layi. Na koyi karanta layin nan fiye da yadda na taɓa karanta fuskarta.

Shaiduna ba su ba ni kunya ba. Ta tambayi Gimbiya, ta tambayi direba, ta tambaye ni, kowa a lokaci daban, irin binciken da take yi wa yara idan an fasa taga. Bakinmu ya zo ɗaya. A makon farko na yi alfahari da wannan a raina, in har mutumin da yake cikin halina yana iya alfahari. Yanzu na fara ganin abin da ban hango ba.

A ɗaya gadon akwai wata dattijuwa mai 'ya'ya maza huɗu. Kullum suna nan, sun cika ɗaki da hayaniya da ledojin lemo. Ni da nake zama a baranda nakan ji abin da suke tattaunawa idan sun fito: wani fili ne na tsohuwar, kowa yana tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi kunnenta. Ba soyayya ce take kawo su ba, gadi ne. Amma tsohuwar ba ta sani ba, ko ta sani ta ga hakan ma riba ce. Takan dubi Malama ta ce, cikin tausayi mai yanka, baiwar Allah ke kam ba ki da ɗa namiji ne? Ranar farko Malama ta amsa da cewa nata injiniya ne, aiki ya riƙe shi. Rana ta uku ta ce yana tafe. Jiya da tsohuwar ta sake tambaya, sai ta juya ta ce da Gimbiya ta miƙo mata ruwa.

Gimbiya ta kawo shawara. Wayar Dogo tana hannunmu, gilashin ya tsage amma tana aiki. Ta ce bari ta rubuta ɗan saƙo da sunansa, na gaisuwa da ban haƙuri, a nuna wa Mama. Na ƙi. Na ce ƙaryar baki daban, ƙirƙirar takarda daban, kuma ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Ta dube ni ta ce, Baba, wato akwai ƙaryar da take da lasisi. Ta fi ni gaskiya. Na lura ɗan Adam idan ya faɗa cikin laifi yakan yi sauri ya ja layi a ƙasa, ya tsaya a gefe guda yana ƙyamar ɗaya gefen, don ya samu inda zai ajiye mutuncinsa. Duk da haka ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba.

Sai kuma Anti Rediyo. Ka san ta, zuciya fara, baki ba birki. Kwana goma ta yi tana riƙe da sirrin nan kamar mai riƙe da garwashi, tana shiga ɗakin da dariyar da ta fi kuka ban tsoro. Ranar Juma'a ta ga yayarta ta yi shiru, sai tausayi ya kama ta, ta ce bari ta faranta mata. Ta ce ai ta ji an ƙara wa Dogo girma a can, har ma ana raɗe-raɗin akwai wata yarinya a garin da ke kusa da sansanin. A tunaninta uwa za ta yi murna da jin ɗanta zai yi aure. Malama ta yi tambaya ɗaya tak: idan babu sabis, ta ina labarin yarinyar ya fito? Rediyo ta ce wani direban ofis ne ya shigo gari. Malama ta ce, wato direba yana iya shigowa gari.

Daga ranar ba ta sake ambaton sunansa ba. Da tana tambaya, ina shan wuya. Yanzu da ta daina, na gane wancan hutu ne.

Ana cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai ga wadda gwani ya shuka ba. Da labarinmu yana da ɓaraka, da ta yi zargin wani abu ya same shi, ta tsorata, ta yi masa addu'a. Na toshe kowace ɓaraka da hannuna. Abin da ya rage a gabanta shi ne shaidu huɗu masu baki ɗaya, duk suna cewa ɗanta yana lafiya, yana cin abinci, yana samun girma, kuma bai zo ba. Da ni aka kawo wa wannan shari'a, ni ma abin da zan yanke ke nan.

Ka gaishe da kowa. Kada ka daina rubutowa.

Ƙaninka,
Alƙali


Asabar, 1 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, abin da nake ɗauke da shi ba ya jira.

Shekaranjiya da yamma Malama ta sa Gimbiya ta fita, ta ce in ja labulen da ke tsakaninta da tsohuwar, in zauna. Ta yi magana a hankali, ba hawaye, da muryar da take kiran iyayen yaro idan za a kore shi. Ta ce ta yi wa yaron nan uzuri har uzuri ya ƙare. Ta ce ba ta nemi ya bar aikinsa ba, ba ta nemi kuɗinsa ba, takarda mai layi biyu ta hannun direban da ya kawo labarin budurwa ta ishe ta. An tsaga ƙirjinta an ɗinke, bai san ko ta tashi ko ba ta tashi ba, kuma bai aiko a ji ba. Ta tuna mini shekarar da ya yi ciwon ƙafa yana ƙarami, yadda ta riƙa goya shi zuwa aji tana koyarwa da shi a baya, har sufeto ya rubuta mata takardar gargaɗi. Sannan ta ce ta ba shi zuwa Litinin. Idan ta idar da azahar ranar Litinin bai zo ba kuma bai aiko ba, akwai maganar da uwa take faɗa sau ɗaya a rayuwa, za ta ɗaga hannu ta faɗe ta, ta cire shi daga ranta, ta huta.

Ka san Malama ba ta barazana. A shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ta sa wa'adi ta ɗaga ba.

Na tsaya masa. Na ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Ta ce ai bayan idon shi ne laifin. Na ce wataƙila akwai dalilin da ba mu sani ba. Ta ce in kawo shi. Na roƙi a ɗage zuwa bayan an sallame ta. Ta ce ta san irin ɗage zaman da muke yi a kotu, wanda ake yi har mai ƙara ya mutu, ita ba za ta mutu da wannan abu a maƙogwaro ba. Ta ƙara da cewa dama ni alƙali ne a kan 'ya'yan mutane, lauya a kan nawa.

Sai ta faɗi abin da ya sa na rubuto maka. Ta ce da ma ciwo aka ce mata yana yi. Ta ce ko mutuwa ya yi, da ta san inda za ta ajiye zuciyarta, amma wannan ba shi da wurin ajiya.

Yaya, na tashi na gyara labulen taga, wanda ba abin da ya same shi. Na daɗe ina gyara shi. Koren layin da ke bango yana tafiya daidai, ni ne nawa ya rikice.

Jiya na sami likitan a ofishinsa, na gaya masa komai. Ya saurara da kyau. Ya ce gwajin sai ranar Alhamis ta sama, kuma kafin nan ba zai iya cewa zuciyar za ta ɗauka ba, ba zai iya cewa ba za ta ɗauka ba. Ya ce a ganinsa magana iska ce, idan ta faɗa a cikin rashin sani, daga baya sai ta janye. Ban ga laifinsa ba. Shi aikinsa tsokar da take bugawa ne, kuma ya iya aikinsa. Amma bai san matar ba. Ni na san Allah ba ya kama bawa da laifin da bai yi ba, bakin uwa ba zai sami yaron da ya mutu a hanyar zuwa gare ta ba. Ba don shi nake tsoro ba. Ranar da za ta ji gaskiya, ko Alhamis ko bayan wata guda, za ta tuna cewa ta ɗaga hannu a kan ɗanta yana kwance a kabari. Magana zarar bunu ce. Wannan ba ta da likitan da zai ɗinke ta.

Gimbiya ta dawo da maganar saƙon, tana roƙona har da durƙusawa. Ta ce layi biyu kawai, Baba, mu sayi mako guda. Na kusa yarda. Abin da ya tsayar da ni shi ne Malama za ta amsa saƙon. Za ta rubuta masa faɗa, sannan ta rubuta masa ta yafe, ta zauna tana jiran amsa, mu kuma mu sake rubutawa. Anti Rediyo kuwa ta ce a ce mata yana asibitin wani gari da karaya. Kowa yana da ƙarya mafi kyau da za a ɗora a kan ta farko, kamar mai gyaran gira da bai lura ya kusa ido ba.

Ga abin da ke gabana. Idan na faɗa, ina iya rasa ta ranar Litinin, kuma da bakina. Idan na yi shiru, za ta rayu ta ɗauki abin da na san ba za ta iya ɗauka ba, shi ma da shiruna. Na yanke hukunci masu nauyi a rayuwata, amma kullum akwai littafin da zan buɗe, akwai kuma kotun sama da za ta gyara idan na kuskure.

Na san amsarka ba za ta iso kafin Litinin ba. Ba shawara nake nema ba. Ina so ne wani ya san cewa na auna.

Ƙaninka,
Alƙali


Laraba, 5 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali, da fatan kowa yana lafiya. Zan fara da abin da kake son ji: Malama tana raye.

Ranar Litinin na sanar da likitan tun da safe cewa zan faɗa mata. Bai yarda ba, amma bai hana ba, ya ce zai kasance a kusa da nas biyu, ya kuma sa aka fitar da tsohuwar da 'ya'yanta zuwa wani ɗaki. Na shiga na zauna. Ina da safiya guda cur a hannuna, na ɓatar da ita a kan zancen famfon gida da ya lalace. Sau uku ina buɗe baki. Mutumin da ya karanta wa mutane hukuncin ɗaurin rai da rai ba tare da ya nemi ruwa ba, shi ne ya zauna yana bayanin mai gyaran famfo.

Ta yi azahar a zaune a kan gado. Da ta sallame ta ɗan jima tana kallon ƙofa, ina jin ta ba shi 'yan mintoci ne na alfarma. Sannan ta ɗaga hannuwanta. Ta kira sunan Allah, ta kira sunan yaron, sunansa na yanka wanda ba ta taɓa kira ba sai a takarda.

Na kama hannuwan nata biyu na sauke su. Ban taɓa katse ta tana addu'a ba, mamaki ya sa ta yi shiru. A cikin wannan shirun na faɗa mata. Na faɗa kamar yadda na rubuta maka, da rana da lokaci da wuri, domin ita ce kaɗai hanyar da na iya. Na ce babu aikin gaggawa, babu ƙarin girma, babu yarinya, ni na tsara, ni na koya wa kowa.

Na'urar ta fara ƙara. Nas suka shigo da gudu, ta ɗaga musu hannu ɗaya suka tsaya, kamar yara a bakin ofis. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye ni abu guda: motar tana shigowa gari ne ko tana fita? Na ce tana shigowa. Ta ce wurina zai zo. Na ce wurinki zai zo.

Daga nan likitan ya fitar da ni. Na tsaya a baranda, bayana a jikin bango, ina jin takunsu da ƙarar keken magani. Ban san tsawon lokacin ba. Da ya fito ya ce bugun ya rikice ya dawo, ɗinkin bai motsa ba, amma kwana biyu masu zuwa su ne abin lura. Sun wuce yau. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Gimbiya ce ta kwana da ita, ita ta ba ni labarin sauran. Ta ce Mama ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ɗaga hannun nan dai ta yi masa addu'a mai tsawo. Ta ce ba ta da abin da za ta yafe masa, ita ce take neman ya yafe mata zaton da ta yi. Ta tambayi wanda ya wanke shi, da wanda ya yi masa salla, da ko fuskarsa ta taɓu. Gimbiya ta amsa duka da gaskiya. Ta yafe wa Gimbiya a take, ta ce yarinya umarni ta bi. Anti Rediyo ta shigo da safe tana birgima a ƙasa tana cewa a yanke mata harshe, Malama ta ce ta tashi kada ta ɓata wa masu shara aiki, ita ma an yafe mata.

Da na shiga jiya, ta bar ni na zauna, ta bar ni na gaishe ta. Sannan ta yi mini magana, kuma ita kaɗai ce maganar da ta yi mini tun ranar. Ta ce kwanakin da kowace uwa take yi tana roƙa wa ɗanta sauƙin kabari, ita ta yi su tana fushi da gawa. Ta ce baƙi sun yi masa addu'a, maƙwabta sun yi, har waɗanda ba su san shi ba sun yi, ita kaɗai aka ware. Ta ce ta san don ita na yi, kuma wannan ne ya sa ba ta san yadda za ta yi da ni ba. Sai ta juya fuskarta bango.

Ban kare kaina ba. Na daɗe da sanin cewa mafi yawan ɓarnar da ta zo gabana ba mugaye ne suka yi ta ba, masu kyakkyawar niyya ne waɗanda suka iya aikinsu. Ban taɓa tsammanin zan tsaya a layinsu ba.

Yanzu a baranda nake zama, a kan bencin da ke fuskantar ƙofarta. Idan nas ta buɗe nakan hango koren layin. 'Ya'yan tsohuwar nan sun ɗauka ni ma wani fili nake gadi, babbansu har ya ba ni lemo.

Ga abin da ya rage. Gwajin yana nan ranar Alhamis ta sama. Ta ce a kai ta kabarin, likita ya ce sai ta iya hawa mota, kuma ta gaya wa Gimbiya cewa direba ya isa ya kai ta. Ɗakin Dogo yana rufe, ba wanda ya shiga. Ni ban yi kuka ba tukuna. Ban kuma nemi gafararta ba, domin mai neman gafara sai ya ce da za a sake ba zai yi ba, ni kuwa har yanzu ban san ko zan iya faɗin haka da gaskiya ba, kuma na gama yi mata ƙarya.

Ka gaishe da mutanen gida. Allah ya jiƙan ɗanka, ya sa ya huta.

Ƙaninka,
Alƙali